Mai Tsaron Ƙofar Ruwa

Ƙurajen sun zo bayan girbin gero.
Suka yi mini ɗamara daga gadon baya zuwa ƙirji,
rabin ɗamara kawai,
kamar mai ɗaurin ya tuna wani aiki ya tafi.
Suka bushe, suka zube,
aka ce Nomau ya warke.
Shekara biyu ke nan ban sa riga ba sai na ciji leɓe.

Iskar da ke wasa da ganyen zogale a Jiratawa,
ni reza ce a wurina.
Jikata Tsahara ta rungume ni, na yi ƙara.
Har yau daga bakin zaure take gaishe ni.

Wai ƙarambau ne na ƙuruciya,
ya kwanta cikin jijiya shekara hamsin
kamar gaiwa cikin busasshiyar laka,
yana jiran daminarsa.

A asibitin Maradi suka ce in ajiye duk wani ƙarfe.
Na cire zobe, na zube ƴan dala,
na kwance makullin ƙofar ruwa daga wuyana,
wanda ko wanka ba ya raba mu.
Suka tura ni cikin farin rami, kai gaba.
Na ce, to, yau ana gwada mini kushewa.
Sai dai kushewa ba ta da wannan hayaniya:
injin niƙa goma, da maƙera a bayansu.
Kada ka motsa, Baba.
Wutar tana cin haƙarƙarina. Ban motsa ba.

Lokotoro Barira ta juyo mini da gilashin.
Ga kaina an tsaga shi kamar ƙwarya, ba jini,
toka-toka, da lungu da saƙo.
Ta bi wani siririn zare da bakin biro.
Ta ce: a gefen hanyoyin jini akwai hanyoyin ruwa.
Idan barci ya yi nauyi sukan buɗe,
ruwa ya ratsa, ya kwashe dattin yini.
Naka, ga alama, yana tafiya da sanɗa.

Na yi dariya, ta soke ni a gefe.
Shekara ashirin da shida ina raba wa mutane ruwa,
wannan fili da asuba, wancan bayan la'asar,
ina zagin duk wanda ya bar kwatarsa ta cushe,
ashe tawa tana nan bayan goshina
ban taɓa yashe ta ba.

Na ce: ƴata, wanne ya riga?
Zafin ne ya hana barci har ruwan ya tsaya,
ko tsayuwar ruwan ce ke hura zafin?
Ta ajiye biro.
Ta ce: shi muke nema, Baba. Ba mu sani ba tukuna.
Na fi yarda da ita daga nan.
Wanda ya san ruwa ba ya yi masa rantsuwa.

Ta ba ni ƙwayoyi na dare,
ta ce in dawo bayan wata uku a sake dubawa.
Na mai da makullina, ta gefen dama.

Mun bi ta gada, Gulbi ba ko ɗigo,
yara na ƙwallo a tsakiyarsa.
Amma na san inda za ka tona kamu biyu
yashi ya yi sanyi a hannunka.

Yanzu Hajo kan kai rediyo ɗakin baya,
ta ɗaure akuya nesa da taga.
Nakan kwanta kan gefen da bai ƙone ba,
ba riga, ba mayafi,
in yi kasaƙe kamar yadda nake yi a bakin babbar kwata
lokacin da aka kunna famfo can nesa
ruwan bai iso ba.

Jiya na samu awa uku.
Ban ji kiran assalatu ba,
sai da Hajo ta taɓa ƙafata.